Matsayin Lauyan Gwamnati a Ƙasar Katsina: Tarihin Haƙƙoƙinsa da Ƙa'idojin Aikinsa



Gabatarwa

Idan aka kama mutum a Yankara ko Daudawa ko Mairuwa ta ƙasar Faskari bisa zargin kisan kai ko fashi da makami, 'yan sanda kan kai shi gaban majistare. Majistare kuwa ba shi da ikon yin shari'ar irin wannan laifi, saboda haka sai ya ba da umurni a tsare mutumin, a aika da fayil ɗinsa Ma'aikatar Shari'a a Katsina. A can wani lauya, wanda bai taɓa ganin mutumin ba, zai karanta takardun ya rubuta shawara, ko dai a kai shi Babbar Kotu ko kuwa a sake shi domin babu hujja. Wannan lauya shi ne lauyan gwamnati, kuma a kansa za mu yi magana a yau.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Lauyan gwamnati albashin gwamnati yake ci, amma kuma ya shiga aikin lauya bisa alkawarin zai tsare doka ko da mai biyansa ba ya so. Abin da nake so in nuna shi ne, a cikin shekaru ɗari da 'yan kai da suka wuce an yi ta ƙara wa wannan ma'aikaci ƙa'idoji, alhali kuwa kariyar da za ta ba shi ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya an ba shi ita a 1960, an karɓe a 1963, ba a kuma mayar masa ba. Wanda ya fi cutuwa da wannan rashi shi ne talakan da ke zaune a gidan yari yana jiran fayil ɗinsa.

Kafin Zuwan Turawa

A tsarin shari'ar da aka bi a ƙasar Katsina bayan jihadi, watau mazhabar Malikiyya, babu wani ma'aikaci da aka keɓe domin ya riƙa shigar da ƙara da sunan hukuma. Wanda aka zalunta shi ke kai kukansa ga alƙali, shi ke kawo shaidunsa. In kisa ne, magadan mamaci su ne masu jini, suna da zaɓi su nemi ƙisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe. Laifin tare hanya da makami, wanda malamai ke kira hiraba, shi ne babban abin da ya rataya a wuyan Sarki, domin ya shafi zaman lafiyar jama'a duka, kuma ba a bar wa wani mutum ikon yafe shi ba.

Duk da haka akwai abubuwa biyu da suka yi kama da aikin lauya. Na ɗaya shi ne wakilci, domin littattafan fiƙihu sun yarda mutum ya naɗa wakili ya tsaya masa a gaban alƙali. Na biyu shi ne aikin mufti da sauran malaman majalisa, waɗanda Sarki da alƙali ke tambaya abin da shari'a ta ce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafin Liya'ul Hukkam a Kano domin shiryar da masu mulki a kan irin waɗannan al'amura. Darajar mufti tana ga cewa amsarsa daga littafi take fitowa, ko ta yi wa Sarki daɗi ko ba ta yi ba. Ya kamata mu riƙe wannan a zuci, domin shi ne ma'aunin da za mu auna lauyan gwamnati da shi.

Zamanin Turawa: Kotuna Ba Lauyoyi

Turawa sun shiga Katsina a 1903. Gwamna Lugga ya bar kotunan alƙalai da na Sarki suna aiki a ƙarƙashin En'e, sa'an nan ya kafa kotunan lardi, inda Razdan da Di'o suke zama alƙalai. A duka waɗannan kotuna an hana lauya tsayawa. Dalilin da Lugga ya bayar shi ne lauyoyi da dillalansu za su riƙa zuga mutane su yi ta shari'a har su tsiyace. Amma ba a rasa wani dalili ba, domin Di'o wanda shi ne mai mulki, shi ne mai bincike, kuma shi ne alƙali, ba zai so wani ya tsaya yana tambayarsa ƙarƙashin wace doka ya yi kaza ba. Da aka haɗe Arewa da Kudu a 1914 sai Lugga ya kai tsarin kotunan lardi har Kudu, lauyoyin Ikko kuwa suka yi ta ƙorafi.

Ta haka lauyan da kawai ya san abin da ake ciki a lardunan Arewa shi ne na gwamnati, Bature ne kuma, aikinsa rubuta dokoki da ba Gwamna shawara. A 1933 Gwamna Donald Cameron ya rushe kotunan lardi, ya kafa Babbar Kotu da kotunan majistare, aka kuma yarda lauyoyi su tsaya a cikinsu. Kotunan En'e dai, inda kusan dukan shari'un talakawa suke, an ci gaba da hana lauya shiga. Mutumin Faskari na wancan zamani alƙali ya sani, da ɗan doka, da dogari, da hakimi. Lauya kuwa sai dai ya ji labarinsa.

Shari'ar Tsofo Gubba da En'e ta Gwandu a 1947 ita ce ta tono matsalar da ke kwance. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa bisa shari'ar Musulunci, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, domin a dokar laifuffuka ta Turawa tunzurawar da aka yi masa ta rage girman laifin. Daga nan aka shiga shekaru ana jayayya a kan wace doka ce ke sama. A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira wani kwamiti na masana a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, wanda a cikinsa akwai Shettima Kashim da Farfesa Anderson na Landan. Shawararsu ce ta haifi dokar Final Kot da dokar tsarin shari'ar laifuffuka, waɗanda suka fara aiki a 1960. Da zuwan waɗannan dokoki laifi ya zama abin da hukuma ke bi a madadin jama'a, sai buƙatar lauyoyin gwamnati ta ƙaru ƙwarai.

'Ya'yan Katsina a Ma'aikatar Shari'a

Tsarin mulkin 1954 ya ba kowace jiha ikon kafa kotunanta da ofishin shari'arta. Atoni-Janar na Jihar Arewa a lokacin Bature ne mai suna Hedley Marshall, wanda ya riƙe muƙamin har 1962. Lauya na farko ɗan Arewa, Abdulganiyu Abdulrazaƙ na Ilori, ya sami shaidar zama lauya a Ingila a 1955. Gwamnatin Arewa ta ga ba za ta karɓi mulkin kai ba tare da lauyoyinta ba, saboda haka ta ɗauki nauyin wasu samari zuwa Ingila. Biyu daga cikin na farko 'ya'yan Katsina ne, Mamman Nasir da Muhammadu Bello, kuma dukansu sun fara aikin lauyan gwamnati a 1956.

Mamman Nasir ya zama Ministan Shari'a na Jihar Arewa a 1961, ya riƙe har juyin mulkin 1966. Bayan an yi jihohi ya yi aiki a Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Arewa ta Tsakiya, ya shiga Kotun Ƙoli a 1975, ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992, kana aka naɗa shi Galadiman Katsina Hakimin Malumfashi. Ya rasu a 2019. Muhammadu Bello kuwa, wanda mahaifinsa Malam Gidado ya yi muftin Katsina, ya yi majistare, ya zama Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Arewa a 1964, ya ƙare a matsayin Babban Jojin Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Wanda ya gaje shi, Muhammadu Lawal Uwais na Zariya, shi ma daga teburin lauyan gwamnati a Kaduna ya taso. Wannan yana nuna mana cewa a wancan lokaci Ma'aikatar Shari'a makaranta ce, inda masu hazaƙa ke shiga su zauna su goge.

Akwai wani abu a tsarin Jihar Arewa da ya cancanci a lura da shi. Lokacin da Mamman Nasir ke Ministan Shari'a, muƙamin Atoni-Janar yana hannun wani dabam, watau Marshall, bayansa kuma Ian Lewis. Ashe ke nan raba waɗannan muƙamai biyu, wanda ake ta muhawara a kansa a zamaninmu, abu ne da aka taɓa yi a Kaduna.

Kariyar 1960 da Janye Ta a 1963

Tsarin mulkin samun 'yancin kai na 1960 ya ba Daraktan Gabatar da Ƙararraki, na Tarayya da na kowace jiha, matsayi na musamman. Shi ke da ikon shigar da ƙarar laifi, da karɓe ta daga hannun wani, da janye ta, kuma an rubuta cewa a wajen yin wannan aiki ba ya ƙarƙashin umurnin kowa. Cire shi daga aiki ma sai an bi hanya mai tsauri bayan bincike, kusan kamar yadda ake yi wa joji.

Turawan da suka rubuta wannan sun yi ne bisa darasin da suka koya a gida. A 1924 Atoni-Janar na Ingila, Patrick Hastings, ya janye ƙarar da aka shigar a kan wani editan jarida ɗan kwaminis mai suna Campbell. Da aka yi zargin cewa majalisar ministoci ce ta sa shi, sai majalisar dokoki ta juya wa gwamnatin Leba baya, gwamnatin ta faɗi. Tun daga nan ya zama al'ada a Ingila cewa shawarar kai mutum kotu ba ta ministoci ba ce.

A Nijeriya wannan kariya shekara uku ta yi. Da aka zama jamhuriya a 1963 sai aka sa Darakta a ƙarƙashin umurnin Atoni-Janar. A wannan shekara ce kuma aka rushe hukumar da ke kula da naɗin alƙalai. Hujjar masu mulki ita ce bai kamata ma'aikacin da ba a zaɓa ba, wanda kuma ba ya amsa tambaya a majalisa, ya riƙe iko mai girma haka ba. Hujja ce mai ma'ana, sai dai ta dogara ne ga a sami majalisa mai yin tambayar. Bayan shekara uku soja suka rufe majalisun.

A daidai wannan lokaci ne aka tsara aikin lauya a cikin gida. A 1962 aka yi dokar aikin lauya da dokar koyon aikin lauya, aka buɗe Makarantar Horar da Lauyoyi a Ikko a 1963. Daga nan lauyan gwamnati da lauya mai zaman kansa suka zama 'yan makaranta ɗaya, sunayensu a rajista ɗaya a Kotun Ƙoli.

Zamanin Soja: Kora da Takunkumi

A 1967 aka raba ƙasa jihohi goma sha biyu, lardunan Katsina da Zariya suka zama Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sauya wa suna Jihar Kaduna a 1976. An soke kotunan Sarakuna, kotunan En'e suka koma kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha a 1968, amma hanin da aka yi wa lauyoyi ya ci gaba. Ma'aikatar Shari'a guda ɗaya ta Kaduna aka yayyanka ta shida, ga lauyoyi kaɗan, ga aiki ya ninka.

Da Janar Murtala Muhammad ya hau mulki a 1975 aka kori dubban ma'aikata, da yawansu ba tare da an ji ta bakinsu ba. A cikin wannan yanayi aka sallami wani mai ba da shawara a Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya mai suna Shitta-Bey. Ya kai ƙara, Babbar Kotun Ikko ta ce sallamar ba ta bisa ƙa'ida, amma hukumar ma'aikata ta ƙi mayar da shi. A 1981 Kotun Ƙoli ta tilasta wa hukumar ta mayar da shi bakin aikinsa. Kotun ta bayyana cewa ma'aikacin gwamnati mai aikin fansho ba bara ba ne da za a kora duk lokacin da aka ga dama, domin ƙa'idojin aikin gwamnati suna da ƙarfin doka. Ya kamata ma'aikatan da ke wannan zaure su san cewa wannan haƙƙi da kowannensu ke tinƙaho da shi, lauyan gwamnati ne ya yi shekaru yana shari'a kafin a tabbatar da shi.

Ba a daɗe ba sai ga 1984. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi Dokar Soja mai lamba 17, wadda ta ba hukuma ikon sallamar ma'aikaci, ta kuma hana kotu sauraron ƙarar wanda aka sallama a ƙarƙashinta. A shekarar ce kuma aka yi Doka mai lamba 34, wadda ta hana lauyoyi da likitoci da injiniyoyi masu aikin gwamnati yin aiki na ƙashin kansu. A 1992 aka ɗauke wa malaman koyar da shari'a na jami'o'i wannan hani, amma ba a ɗauke wa lauyoyin ma'aikatu ba. Idan muka haɗa dokokin biyu za mu ga halin da lauyan gwamnati ya shiga: an rufe masa ƙofar neman abinci a waje, an kuma cire ƙyauren da ke kare shi a ciki. Mutumin da ke cikin wannan hali, da wuya ya rubuta wa gwamnan soja cewa abin da yake son yi ya saɓa wa doka.

Ba za a ce zamanin soja bai bar alheri ba. A 1976 aka kafa Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda lauyoyinta gwamnati ke biyan su domin su kare talakan da gwamnati ke tuhuma. Ga lauyan gwamnati a dama yana tuhuma, ga wani a hagu yana karewa, duka daga baitulmali ɗaya. Babu abin da ya fi wannan nuna cewa hukuma da kanta ta yarda ba cin nasara a kotu kaɗai take biyan lauya ya yi ba.

Ikon Atoni-Janar a Tsarin Mulkin 1979 da na 1999

Tsarin mulkin 1979 ya ɗauke ikon shigar da ƙara da janye ta gaba ɗaya ya danƙa wa Atoni-Janar, wanda kuma ɗan majalisar zartarwa ne. Tsarin 1999 ya bi sawu. Sashe na 195 ya ce Atoni-Janar na jiha shi ne babban jami'in shari'a kuma Kwamishinan Shari'a, dole ne kuma ya shekara goma yana lauya. Sashe na 211 ya ba shi ikon shigar da ƙara, da karɓe ta, da janye ta kafin a yanke hukunci, ya kuma ce wajen yin haka ya duba amfanin jama'a, da adalci, da hana wasa da shari'a.

Wa zai duba ko ya yi hakan? Kotun Ƙoli ta amsa a 1983 a shari'ar Ilori. Wani lauya mai zaman kansa ne ya shigar da ƙarar laifi a kan Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Jihar Ikko da wasu 'yan sanda, sai Atoni-Janar na jihar ya janye ƙarar. Kotun Ƙoli ta ce ba ta da hurumin binciken dalilinsa. In ya yi wasa da ikonsa, maganinsa shi ne surutun jama'a da kuma wanda ya naɗa shi ya cire shi. To, in wanda ya naɗa shin ne ya sa shi fa? Wannan tambaya har yanzu tana nan. Majalisar Tarayya ta amince da gyaran da zai raba muƙamin Atoni-Janar da na Ministan Shari'a, amma Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙi sa hannu a 2015. Ƙasar Kenya kuwa ta ba Daraktanta cikakken 'yanci a tsarin mulkinta na 2010.

Wannan ba ya nufin Atoni-Janar ya fi ƙarfin doka a kome. Wata kotun Tarayya ta yanke a 2010 cewa tsohon Atoni-Janar na Tarayya Michael Aondoakaa bai cancanci riƙe muƙamin gwamnati ba, saboda ya yi amfani da ofishinsa wajen hana aiwatar da hukuncin kotu a wata rigimar zaɓe. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan hukunci a 2021.

Tsarin 1979 ya kawo wani canji da ya shafi karkara kai tsaye. Ya ba duk wanda ake tuhuma haƙƙin ya kare kansa ko ya ɗauki lauyan da yake so. Bisa wannan ne a 1982 wata Babbar Kotu a Jihar Binuwai, a shari'ar Uzodima, ta ce hana lauya tsayawa a kotun yanki a shari'ar laifi ya saɓa wa tsarin mulki. Hanin da ya samo asali tun zamanin Lugga ya ɗauki kusan shekara tamanin kafin ya faɗi.

Abin da Ke Kansa da Abin da Yake da Shi

Bari mu tattara matsayin lauyan gwamnati yadda yake. Ta wajen haƙƙi, doka ta ba shi ikon tsayawa a kowace kotu a madadin gwamnati. Wannan gata ne, domin ƙa'idojin ɗa'ar lauyoyi na 2007 sun hana lauyan da ke cin albashin kamfani ya tsaya wa kamfaninsa a kotu, amma suka ware lauyan ma'aikatar gwamnati. Yana da kariyar da shari'ar Shitta-Bey ta tabbatar, yana da fansho, yana kuma iya kai ƙarar mai aikinsa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Ta wajen ƙa'ida kuwa, linzami uku ne a bakinsa. Na ɗaya ƙa'idojin aikin gwamnati, waɗanda suka wajabta masa biyayya ga na gaba da riƙe asirin ofis. Na biyu ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulki, wadda ta hana shi gudanar da wata sana'a ta kansa in ban da noma, ta kuma wajabta masa bayyana dukiyarsa. Na uku ƙa'idojin ɗa'ar lauyoyi, waɗanda aka sabunta a 2023, da kwamitin ladabtarwa mai ikon soke sunan lauya daga rajista. Ƙa'idojin 2007 sun faɗa a fili cewa babban aikin mai gabatar da ƙara shi ne ya ga an yi adalci, kada ya tuhumi mutum in ya san babu hujja, kada kuma ya ɓoye shaidar da za ta wanke wanda ake tuhuma.

Matsalar tana tasowa ne ran da linzami na ɗaya ya ja gabas, na uku ya ja yamma. In an umurci ƙaramin lauya ya tuhumi wanda fayil bai kama ba, ko ya saki wanda fayil ya kama, ƙa'idar lauyoyi ta ce ya ƙi. Amma ƙarin girmansa da wurin da za a tura shi aiki suna hannun waɗanda ya ƙi wa. Ba lalle ne a kore shi ba, ana iya karɓe fayil ɗin a ba wani, shi kuma a manta da shi a wani lungu.

Inda Abin Yake Sauka: Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa

An ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987, ta kafa Ma'aikatar Shari'arta. Wannan ya kawo lauyan gwamnati kusa, amma mutumin Faskari ko Sabuwa har yanzu Babbar Kotun da ta fi kusa da shi tana Funtuwa, shawarar da za ta yanke makomarsa kuma daga hedkwata take fitowa. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma a sake shi in an yi wata biyu yana tsare ba a yi masa shari'a ba. Amma an ware waɗanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, su kuwa su ne masu jiran fayil. A shekarun nan kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Nijeriya masu jiran shari'a ne. Dokar shari'ar laifuffuka ta Tarayya ta 2015 ta yanka wa Atoni-Janar kwana 14 ya ba da shawara bayan fayil ya iso masa. Rubuta wa'adi abu ne mai sauƙi, cika shi kuwa yana buƙatar isassun lauyoyi, da abin hawa, da kuɗin kawo shaidu.

Wannan yanki, wanda ya yi iyaka da Zamfara da ƙasar Birnin Gwari, ya sha wuyar 'yan bindiga. An kashe mutane da yawa a Kadisau ta Faskari a watan Yuni na 2020, a watan Disamba na shekarar kuma aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A irin wannan hali lauyan gwamnati yana tsakanin wuta biyu. Jama'a suna son a hukunta duk wanda aka kama, alhali wani fayil ɗin babu kome a ciki sai zargi, shaidu kuwa tsoro ya hana su zuwa. In ya ce a saki wanda babu hujja a kansa, a ce ya ci hanci. In ya bar fayil ɗin a kan tebur, wani bawan Allah ya shekara biyar a tsare ba laifi.

Ga kuma ɗaya gefen. A 2019 Gwamnatin Jihar Katsina ta yi sulhu da wasu 'yan bindiga, aka saki wasu da ke tsare, su kuma suka sako mutanen da suka sace. Ko sulhu daidai ne ko ba daidai ba, wannan magana ce ta masu mulki da jama'ar da abin ya shafa. Amma in mutum yana gaban kotu, doka ce kaɗai ke iya fitar da shi, hanyar janye ƙara kuwa ta teburin Atoni-Janar take bi. A nan ne duk tarihin da muka bayar yake haɗuwa. Atoni-Janar yana zaune a majalisar da ta yanke shawarar sulhu, shi ne kuma tsarin mulki ya ce ya auna amfanin jama'a da adalci, kotu kuma ta ce ba za ta tambaye shi ba. A shari'ar da ake yi a Babbar Kotu, matar da aka kashe wa miji a Faskari ba ta da ikon da magada suke da shi a zamanin alƙalai, domin a can hukuma ta karɓi jinin a hannunta tun 1960. Abin da ya rage mata shi ne amanar lauyan gwamnati.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata ina ganin gyara uku sun kamata. Na farko, a mayar wa Daraktan Gabatar da Ƙararraki kariyar da yake da ita a 1960, ko kuwa a raba muƙamin Atoni-Janar da na Kwamishina kamar yadda aka yi a Jihar Arewa. Na biyu, duk lokacin da aka janye ƙarar babban laifi a rubuta dalili, a ajiye, a kuma sanar da majalisar dokoki da waɗanda aka zalunta, domin surutun jama'a da Kotun Ƙoli ta dogara da shi ba ya yiwuwa in jama'a ba su san abin da aka yi ba. Na uku, tun da an hana lauyan gwamnati neman kuɗi a waje, to a biya shi abin da zai riƙe shi, a kuma ajiye isassun lauyoyi a shiyyoyi irin su Funtuwa da Malumfashi, a ba su ikon ba da shawara a nan take. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ɗalibai da za ku shiga wannan aiki, ku tuna cewa umurnin da na gaba ya ba ku da baki ba zai kare ku a gaban kwamitin ladabtarwa ba, saboda haka ku rubuta shawararku a fayil, ku sa hannu da kwanan wata. Ku kuma ma'aikata, in lauyan ma'aikatarku ya ce abu kaza doka ba ta yarda ba, ku sani aikin da aka ɗauke shi dominsa ke nan, irin aikin da mufti yake yi a majalisar Sarki.